Matasanmu masu raunin fahimta: da me zan auna amfanin horon share fagen sana'a?

MalamarAji ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara na zo nema, musamman wajen malaman ilimi na musamman, da iyaye, da masu sana'ar da suka taɓa ɗaukar yaro mai buƙata ta musamman.

Ina koyarwa a wata ƙaramar cibiya a nan Kano, ta samari da 'yan mata masu raunin fahimta, 'yan shekara 16 zuwa 25. Wasu da galahanga aka haife su, wasu sanƙarau ne ya taɓa su suna ƙanana, wasu kuma doguwar naƙuda ce sanadi. Mu ba sana'a muke koya musu kai tsaye ba, share fage muke yi: zuwa kan lokaci, tsaftar jiki, jin magana a aikata, zama kan aiki har a gama shi, gane kuɗi. Da ƙananan ayyukan hannu muke koyar da su. Suna ɗura sabulun ruwa a gora, mu malamai muke haɗa shi saboda sinadaran suna ƙona hannu. Suna ƙulla gyaɗa da aya a leda, suna ba kaji dusa da ruwa, suna sharar harabar cibiya.

To, kwamitin iyaye da bawan Allahn da yake saya mana kayan aiki sun ce in kawo rahoton ƙarshen shekara, in nuna abin da aka cim ma. Abin da ke hannuna rajistar zuwa ce, da hotuna, da lissafin gorunan da aka ɗura aka sayar. Duka suna shaida cewa ni da abokan aikina ba zaman banza muka yi ba. Amma babu ɗaya a cikinsu da ke nuna yaro ya ƙaru da wani abu.

Akwai wani saurayi a ajina, in ya zauna ɗurin sabulu ko ɗigo ba ya zubarwa, shi muke nuna wa baƙi in sun zo. Mahaifiyarsa kuwa ta ce min a gida ko buta ba ya cikawa sai an faɗa an sake faɗa, an kuma tsaya a kansa. Ga wata yarinya, har yau in ta ɗura rabi a ƙasa yake ƙarewa, in goruna za a ƙirga ita ce kurar baya. Amma lokacin da aka kawo ta ba ta ɗaga kai, ba ta amsa gaisuwa, ko fitsari ta ji ba ta faɗa. Yanzu da ƙafarta take zuwa daga layin bayanmu, ta yi sallama, ta wanke hannu ba wanda ya ce mata, in kaya sun yanke ta zo ta ce, “Malama, leda ta ƙare.” Tsakani da Allah, a cikin su biyun wa ya ci gaba?

Sai na uku, wanda ya fi damuna. A cibiyar na tarar da shi, yanzu gemu ya cika masa fuska, har yau sunan abin da muke masa share fage. Yaushe ake cewa fage ya sharu?

Don Allah me ya kamata in ƙirga, yaushe zan ƙirga, kuma bakin wa zan ji? Ba na son rahoton da zai burge mai ba da tallafi alhali ni na san bai faɗi komai ba.

MalaminKwaleji ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri kan wannan aiki. Rajista da hotuna da goruna lissafin abin da ku malamai kuka yi ne. Abin da yaro ya koya daban, kuma ba wuyar aunawa gare shi ba in an fara da wuri.

Ki ɗauki ɗurin sabulun nan ki yayyanka shi gaɓa-gaɓa a takarda: ɗauko gora, duba ko a wanke take ta bushe, buɗe murfi, sa mazurari, zuba har bakin layi, cire mazurari, rufe murfi ya kamu, goge jikin gora, manna takarda, jera a kwali. Gaɓa 10 ke nan. A gaban kowace gaɓa kada ki rubuta “ya iya” ko “bai iya ba”. Ki rubuta yawan taimakon da ya buƙata. In sai kin kama hannunsa, 0. In sai kin yi ya gani ya kwaikwaya, 1. In da baki kika faɗa, 2. In shi kaɗai ya yi, 3. Ki cika takardar makon da yaro ya shigo, sannan wata-wata. Abin da kike nema shi ne taimako yana raguwa. Kuma ki lura, tsayuwarki a kansa ma taimako ce. Gyaran murya, kallon mazurari, ɗaga gira, duk yaran nan suna karanta su. Ranar gwaji ki koma bakin ƙofa ki kama bakinki.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. A farkon shekarun 1970 wani malami a Amurka, Marc Gold, ya koya wa masu raunin fahimta, har da waɗanda aka yanke wa ƙauna, haɗa birkin keke mai gunduwa 15, ta hanyar yayyanka aikin da rage taimako sannu a hankali. Ra'ayinsa shi ne in ɗalibi ya kasa, malami ne zai sauya dabara. Shi ya sa takardar nan ke da amfani biyu: in kin ga wata uku yaro yana maƙale a gaɓar rufe murfi, kin san inda za ki sauya koyarwa.

Saurayinki mai buta kuwa, matsalarsa sananniya ce a wannan fanni. Masu raunin fahimta sukan ɗaure abin da suka koya da wurin da suka koye shi, da mutumin da ya koya musu, har da launin gorar. Saboda haka makin da ya ci a aji rabin labari ne. Ki sake gwada shi a wani ɗaki, da wani malami, da wata irin gora, a zuba masa man gyaɗa ko kunun zaƙi maimakon sabulu. Ki ba mahaifiyarsa irin takardar nan ta aikin cika buta ko jarka, ki nuna mata yadda ake cikewa, ko ƙaninsa ɗan makaranta ya cike. In maki ya faɗi, to ba ɗuri ya koya ba tukuna, ɗuri a gabanki ya koya.

Ita kuwa yarinyar, akwai ma'aunin da ya dace da ita, wanda Kiresuk da Sherman suka fitar a 1968. Kowane ɗalibi a zauna da iyayensa a zaɓar masa buri biyu ko uku nasa na kansa, kowane buri a yi masa matakai biyar, daga −2 zuwa +2, sifili shi ne inda ake sa ran zai kai a ƙarshen zango. Misali burin “ta faɗa in kaya sun ƙare”: −2 ta zauna shiru, −1 sai an tambaye ta, 0 ta faɗa wa malamarta da kanta, +1 ta faɗa wa kowane malami, +2 ta faɗa wa wanda ba ta saba da shi ba. Da haka za ki iya haɗa ci gaban yara mabambanta a rahoto ɗaya ba tare da kin auna su da goruna ba. Sharaɗinsa a rubuta matakan kafin a fara, ba bayan an ga sakamako ba, kuma wanda ya koyar kada ya zama shi kaɗai ke ba da maki. Ɗan Adam ne, zai so ɗalibinsa ya haye.

Wani zai ce miki ai girma ne, ɗan shekara 16 ko ba cibiya zai canza kafin ya kai 18. Maganinsa mai sauƙi ne. Ki auna ayyuka biyu tun farko, ki fara koyar da ɗaya, ki jinkirta ɗayan zuwa wata mai zuwa. In wanda ake koyarwa ya tashi, wanda aka jinkirta ya tsaya cak sai da aka fara shi, to koyarwarku ce ta yi aiki.

Rahoton bana kam, tunda ba a auna farko ba, ki faɗi haka ƙarara. Ki tambayi iyaye yadda yaro yake lokacin da aka kawo shi, ki rubuta cewa daga bakinsu ne, ki auna kowa yanzu ya zama mafarin baɗi.

TelanFagge ya rubuta:

Salamu alaikum. Malama ni ba ɗan boko ba ne can can, amma ina da irin yaron nan a shagona, ɗan maƙwabcina ne, ubansa ya kawo min shi amana. Bari in faɗa miki abin da mu masu shago muke dubawa.

Aikin hannu ba shi ne damuwata ba. Yanke zare, sa maɓalli, ninke kaya, guga, duk ni na koya masa, kuma wallahi ninkinsa ya fi na yarana masu lafiya, don shi ba ya gaggawa. Abin da ya ba ni wuya daban ne. In bai gane magana ba sai ya ce “to”, ya tafi ya yi wani abu can. Da za ki koya musu su buɗi baki su ce “Oga ban gane ba”, da kin gama mana rabin aiki. In na ɗaga murya, ko ba da shi nake ba, sai ya ajiye kaya ya tafi gida. Na aike shi da dubu ɗaya ya sayo zare, ya dawo da zare ba canji, don a wajensa in ka miƙa kuɗi an ba ka kaya magana ta ƙare. Da na koma wajen mai zaren, ga canjin nan ya ajiye, mutumin kirki ne. In da wani ne fa?

Wata rana yana guga aka ɗauke wuta. Ya bar dutsen guga a kwance kan shaddar mutane ya fita alwala. Aka dawo da wuta. Sai ƙauri muka ji. Shadda ce mai tsada, ni na biya. Ban kore shi ba, don ba wanda ya taɓa ce masa in an ɗauke wuta a tayar da dutse a zare soket. A wajenku na san da rana kuke aiki kuma malami na tsaye, wa zai tuna da wannan? Yanzu kafin kowa ya motsa shi ke zarewa, har na wasu yake zarewa.

Sai yaran shago. Su ne suka fi komai. Tsokana, aiken rainin wayo, a ci abinci a bar masa kwano. Sai da na tara su na ce duk wanda ya ƙara, shi zai bar shagon. In mai shago bai tsaya ba, komai horon da kika ba yaro ba zai yi wata biyu ba. Lokacin ɗinkin Sallah kuma, ga hayaniya ga kwana a shago, ba ya iya ɗauka, da magariba nake sallamar sa.

Saboda haka shawarata, gani ya kori ji. Kada ki jira sai yaro ya “gama”. Ki kai shi shago ko gidan kaji ko wajen mai wankin mota kwana biyu a mako, ki dawo ki tambayi mai wurin: yana zuwa? Da kansa yake zuwa ko kawo shi ake? In an yi masa gyara yana tsayawa? Nawa kake ba shi ranar Alhamis? Kuma ki tambaye shi, in na kawo maka wani za ka karɓa? In ya ce eh ba tare da ya sosa ƙeya ba, ki rubuta a rahotonki.

BakanoAAmurka ya rubuta:

Malama sannu da ƙoƙari. Aikin da nake yi a nan Amurka ke nan, ina raka masu raunin fahimta wuraren aiki ina koya musu a can har su tsaya da ƙafarsu. Maganar mai gemun nan ce ta sa na ce sai na tofa, domin ƙasar nan ta shekara da shekaru a cikin wannan ramin.

A nan gwamnati na biyan kuɗin horon share fage ta shirin Medicaid, wato shirin gwamnati na biyan kuɗin kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi da nakasassu. An yi ta buɗe ma'aikatu na musamman inda nakasassu kaɗai ke zama suna haɗa kwali ko ƙulla kaya, da sunan ana shirya su shiga aiki. Wata doka ta 1938 ta ba da damar a biya su ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Mutum ya shiga yana saurayi, ya yi furfura ana shirya shi. Rahotannin wuraren kuwa cike da lambobi masu kyau, kwanakin zuwa da yawan kayan da aka haɗa, irin waɗanda ke hannunki. Da aka fara tambayar mutum nawa suka fita suka sami aiki, sai aka ga 'yan kaɗan ne ƙwarai. Jihar Vermont ta rufe irin wannan ma'aikata ta ƙarshe a 2002. A 2011 hukumar da ke kula da Medicaid ta fitar da bayani cewa horon share fage yana da wa'adi, ba wurin zama ba ne. A 2014 Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta ƙulla yarjejeniya da jihar Rhode Island kan ta fitar da mutane daga waɗannan wurare zuwa aiki cikin jama'a, jihar Oregon ma ta yi irin wannan sulhu a 2015 bayan an kai ta kotu.

Abin da aka koma yi shi ne a fara sama wa mutum wurin aiki, sannan a koya masa a wurin, mai rakiya yana janyewa kaɗan-kaɗan. Wato abin da Alhaji tela ya faɗa. Akwai shirin Project SEARCH da aka fara a asibitin yara na Cincinnati a 1996: ɗalibi yana shekara ɗaya a cikin ma'aikata ta gaske, yana zagaya sassa uku. Sun daɗe ba sa ƙirga mutum a cikin waɗanda suka yi nasara sai ya sami aiki cikin sauran ma'aikata, da albashin da ake ba kowa, na aƙalla awa 16 a mako, ba na ɗan lokaci ba. Hukumomin sama wa nakasassu aiki kuma ba sa rufe fayil da sunan nasara sai mutum ya yi aƙalla kwana 90 a kan aikin. Ba ina cewa an gama gyara ba ne. Har yanzu mafi yawan masu raunin fahimta a nan ba su da aikin albashi, a Ingila ma waɗanda hukumomin jin daɗin jama'a suka sani kusan kashi 5 cikin 100 ne ke aikin da ake biya.

In muka dawo kan gida Nijeriya, dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama nakasassu. Amma ni da ke mun san ɗalibanki ba takardar ɗaukar aiki za su samu ba. Shagon tela ne, da gidan burodi, da gonar kawu. Kuma ta wani ɓangaren kun fi mu sa'a, domin koyon sana'a a hannun maigida cikin sauran yara shi ne abin da mu a nan muke kashe maƙudan kuɗi mu ƙirƙira.

Ga abin da zan sa a rahoto in ni ne. Kowane ɗalibi ranar da ya shigo a rubuta wa'adinsa, a ce shekara biyu, da inda ake son ya nufa. Bayan ya fita a bi shi wata 3, wata 6, da shekara ɗaya: ina yake wuni, kwana nawa a mako, me yake samu, wa ke taimaka masa, in ya bari me ya sa. Lambar wayar mutum biyu za ki karɓa a kowane gida, don ta ɗaya takan mutu. Sannan lissafin ki yi shi a kan duk waɗanda suka shigo, har da waɗanda suka daina zuwa da waɗanda kika nema kika rasa. Cibiyoyi da yawa suna ƙirga waɗanda suka kammala kaɗai, wasu ma tun a ƙofa suke zaɓar masu sauƙin lalura don lambarsu ta yi kyau. Ki rubuta yawan taimakon da kowa ke buƙata lokacin shigowa, don mai karatu ya san da wa kika fara.

MamanYarinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni uwa ce, 'yata mai galahanga ta haura ashirin, muna Zariya. Na karanta duka, na ƙaru, amma ɗan'uwana na Amurka ban yarda da kai gaba ɗaya ba.

In fita aiki da kuɗin mako ne kaɗai ma'auni, to 'yata ta faɗi tun kafin a fara, ita da yawancin 'yan matan da ke wajen Malama. Ni ba zan kai budurwa mai raunin fahimta shagon maza ta wuni ba, kuma duk uwar da ke nan ta san dalili. Yaran nan kowa ya yi musu murmushi sun yarda da shi. Abin da na fi so a koya mata, na kuma fi so a auna, shi ne ta san jikinta nata ne, ta iya cewa a'a, in wani ya taɓa ta ko ya ce ta biyo shi lungu ta zo ta faɗa min. Ta iya kula da kanta lokacin al'ada. Wannan ba ya cikin lissafin goruna, ba ya cikin lissafin albashi, amma in babu shi ba inda za ta je.

Kuma aiki a cikin gida ma aiki ne. Ina sayar da kayan miya a gida, ita ke ƙulla daddawa da barkono da gishiri. Yara in sun yi sallama ita ke miƙa musu, ta karɓi kuɗi ta kawo min in duba. Da can in zan je unguwa sai na nemi mai zama da ita, ko biki ko gaisuwar mutuwa sai dai in aika. Yanzu ina zuwa asibiti in dawo in tarar ta yi shara ta wanke kwanuka. Malama ki tambayi iyaye mata wannan: awa nawa kike iya barin sa ba ki da fargaba? Me yake yi wa kansa yanzu wanda da ke kike masa? Amsar za ta gaya miki abu mai yawa.

Inda na goyi bayanka shi ne maganar kuɗi, amma a ƙara tambaya ɗaya: kuɗin a hannun wa yake ƙarewa? Na san gidan da yaro ke wuni yana ɗiban ruwa, yayansa ke karɓar kuɗin. A takarda ya sami aiki. Ni asusu na saya mata, duk ranar Juma'a muna zuba nata, da Sallah ita ta zaɓi atamfarta ta biya da hannunta.

Sannan ba wanda ya ce a tambayi su yaran. A tambaye su mana. Sai dai a iya tambaya, don in kika ce “kina son ɗurin sabulu?” za ta ce eh, in kika ce “ba kya so ko?” nan ma eh za ta ce. Ni abin da nake yi, in ajiye mata abu biyu a gabanta in ga wanda za ta ɗauka, gobe in sauya musu wuri in sake gani. Kuma kada malamarta ta yi tambayar, kunyarta za ta ji. Akwai kuma waɗanda lalurarsu ta yi nauyi, ba shago ba ƙullin leda. Wanda ya koyi cin abinci da hannunsa yana ɗan shekara 20, a rubuta masa, kada a bar layinsa fari.

MalamarAji ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, takardar gaɓoɓin nan zan fara da ita a ɗurin sabulu da ba kaji ruwa, in ta zauna mu ƙara sauran. Abokiyar aikina za ta ba ɗalibaina maki, ni in ba nata. Hajiya, maganarki ta shige ni. Burin 'yan mata da iyayensu mata za mu zauna mu rubuta, kuma maganar kare kai za ta shiga na kowa, har samarin, don su ma ba su tsira ba. Tambayar wa ke riƙe kuɗi ma na sa ta.

Rahoton zan kasa shi biyu, abin da yaro ke yi a cibiya da abin da yake yi a waje, kuma na tsofaffin ɗalibanmu da suka bari zan bi gidajen da na sani in ji inda suke.

Wa'adin shekara biyu ne ban san yadda zan yi da shi ba. Mai gemun nan mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa aikatau take zuwa, cibiyar ce inda take barin sa hankalinta a kwance. In na ce wa'adinsa ya cika, ina za shi? Abin da nake gani, in gaya wa kwamiti gaskiya cewa wasu wurin wuni suke buƙata, a ware musu nasu da nasu ma'aunin, a daina kiran sa share fage. Amma kafin nan ina so a gwada shi a waje, don ba a taɓa gwadawa ba, kuma yana da ƙarfi da haƙuri, kajinmu shi suka sani.

Alhaji, a cikin abokan sana'arka ko masu gidan kaji da ka sani, akwai wanda zai karɓe shi kwana biyu a mako, malaminmu namiji ya zauna da shi makon farko?

TelanFagge ya rubuta:

Akwai. Wani aminina yana da gidan kaji a hanyar Zariya, zan yi masa magana bayan sallar Juma'a. Amma ki bari a wuce Sallah, yanzu kowa kansa ya ɗau zafi. Malamin naku ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya kama shara tare da su, kada ya zo da babbar riga da biro, yaran wurin za su ɗauka bincike aka zo. Kuɗin motar yaron kuma ku daidaita da uwar tun yanzu wa zai biya, don a nan irin wannan abin yake mutuwa.